Binciken ƙasa kafin gini: Abin da ke ɓoye a cikin ruɓaɓɓen dutse

A ranar 18 ga watan Yunin 1972, bayan an kwashe kwanaki uku ana tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta zaftare a wurare biyu a Hong Kong, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya.

A unguwar Sau Mau Ping, wani tudu da aka yi da cikon ƙasa ya narke ya malalo kan gidajen wucin gadi na talakawa, inda mutane 71 suka mutu.

Da maraicen ranar kuma, gangaren da ke kusa da titin Po Shan ya rufto, ya kayar da wani bene mai hawa 12, mutane 67 suka halaka.

Waɗannan haɗurra biyu, da wani da ya sake aukuwa a Sau Mau Ping ɗin a watan Agustan 1976 ya kashe mutane 18, suna cikin dalilan da suka sa injiniyoyi suka sake nazari a kan ƙasar da ke samuwa daga ruɓewar dutse, da kuma hanyoyin bincikarta kafin a ɗora mata gini ko a yanka hanya a cikinta.

Irin wannan ƙasa ce ta mamaye yankuna masu zafi da dama na duniya, tun daga kudancin Sin da Malesiya da Indiya, har zuwa Brazil da babban ɓangare na Afirka, ciki har da Najeriya.

Yadda dutse ke zama ƙasa

Masana sun raba ƙasa gida biyu, gwargwadon yadda ta samu.

Akwai wadda ruwa ko iska ko ƙanƙara suka kwaso daga wani wuri suka jibge, kamar laka da yashin da ake gani a fadama da bakin kogi. Wannan takan kwanta ne shimfiɗa bisa shimfiɗa, don haka abin da aka gani a wuri ɗaya yakan yi kama da na kusa da shi.

Akwai kuma zaunanniyar ƙasa, wato wadda ta samu a inda take, daga dutsen da ke ƙarƙashinta.

Ruwan sama kan bi tsagogin dutse ya shiga cikinsa, kuma a tsawon dubban shekaru yakan sauya sinadaransa. Zafi da damshi na hanzarta wannan aiki, shi ya sa ruɓewar ta fi zurfi a ƙasashe masu zafi.

A dutsen giranit alal misali, ma'adinin da ake kira felsifa yakan rikiɗe ya koma farin yumɓu, irin farar ƙasar da ake haƙowa a yankin Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ƙwayoyin ma'adinin kwaz kuwa ba sa ruɓewa da sauƙi, sai su rage a matsayin yashi. Shi kuma ƙarfen da ke cikin dutsen yakan yi tsatsa, wanda shi ne ke ba ƙasar launin ja.

A wasu wurare tsatsar kan taru a sama ta daskare, ta zama marmara. Wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, Francis Buchanan, shi ne ya bayyana wannan ƙasa a rubuce a shekarar 1807, bayan ya ga mutanen kudancin Indiya suna yankar ta suna yin tubalin gini.

Matakai shida na ruɓewa

Idan aka haƙa rami daga sama har zuwa dutse mai rai, ba a samun wata iyaka tsayayya tsakanin ƙasa da dutse.

A shekarar 1957 wasu masana biyu, Ruxton da Berry, sun wallafa nazarin da suka yi a kan giranit na Hong Kong, inda suka nuna yadda ruɓewar ke raguwa sannu a hankali yayin da ake nutsawa ƙasa.

A yau injiniyoyi da dama na amfani da ma'auni mai matakai shida.

Mataki na ɗaya shi ne dutse mai rai, wanda ke amsa guduma da ƙara. A na biyu launi ya fara sauyawa a bakin tsagogi. A na uku dutsen ya raunana, amma ba a iya karya shi da hannu. A na huɗu ana iya ɓalle shi da hannu. A na biyar siffar dutsen na nan a ido, sai dai yana marmashewa tsakanin yatsu, kuma yana narkewa in an jefa shi a ruwa. A na shida siffar dutsen ta ɓace gaba ɗaya, ya zama ƙasa zalla.

Matakai na huɗu da na biyar su ne ake kira ruɓaɓɓen dutse, kuma a nan ne akasarin matsalolin injiniya suke. A wasu sassan Hong Kong zurfin ruɓewar ya haura mita 60.

Me ya sa take da wuyar sha'ani?

Ilimin nazarin ƙasa na injiniyoyi, wanda Karl Terzaghi ya kafa harsashinsa da littafin da ya wallafa a 1925, ya girma ne a Turai da Amurka ta Arewa, a kan laka da yashin da ruwa da ƙanƙara suka shimfiɗa. Zaunanniyar ƙasa ba ta bin waɗannan ƙa'idoji sau da ƙafa.

Na farko, saman dutsen da ke ƙarƙashinta ba a baje yake ba. Ana iya tarar da dutse a mita biyar a wannan kusurwa ta fili, a ɗaya kusurwar kuma sai an kai mita talatin.

Na biyu, akwai manyan curarrun duwatsu da ruɓewa ta kewaye amma ba ta cinye ba, suna zaune a tsakiyar ƙasa mai laushi. Wasunsu sun kai girman ɗaki. Mai haƙa zai iya cin karo da irin wannan ya ɗauka ya kai ga dutse na ainihi, a kafa turakun gini a kansa, alhali ƙarƙashinsa ƙasa ce mai lotsawa.

Na uku, tsoffin tsagogin dutsen ba sa ɓacewa bayan ya ruɓe. Sau da yawa sukan cika da farin yumɓu mai santsi, kuma idan tsagar ta karkata zuwa wajen gangare, ƙasar da ke samanta na iya sulluɓewa a kanta.

Na huɗu shi ne ruwa. A lokacin rani ɗan damshin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasar yana janyo su ya riƙe su, abin da ke sa bangon da aka yanka a tsaye ya daɗe bai faɗi ba. Da zarar ruwan sama ya jiƙa ƙasar sharkaf, wannan riƙo yakan kwance. Haka nan wasu nau'o'inta masu ramuka da yawa a ciki, kamar waɗanda aka yi nazari a kansu a Afirka ta Kudu, sukan lotsa farat ɗaya idan suka jiƙe alhali akwai nauyin gini a kansu.

Binciken farko: takardu da ido

Aikin bincike na farawa ne tun kafin a kai na'ura wurin.

Injiniyoyi kan tattara taswirorin duwatsu, da tsoffin hotunan da aka ɗauka daga sama, da bayanan gine-ginen da ke makwabtaka. Tsohon hoto na iya nuna kwari ko kududdufin da aka cike da ƙasa ko shara, wanda a yau ba a ganin alamarsa.

Daga nan sai a zagaya filin da ƙafa, a duba tsagogin da ke bangon gidajen kusa, da itatuwan da suka karkata, da wuraren da ruwa ke tsattsafowa, da zurfin rijiyoyin unguwa. Maƙwabta da masu haƙar rijiya sukan san abubuwa da yawa game da ƙasar wurin.

Sai dai takardu ma na buƙatar tantancewa. A watan Yulin 1994 wata katangar duwatsu da ke tare ƙasa a rukunin gidaje na Kwun Lung Lau a Hong Kong ta rushe, ta kashe mutane biyar. Bincike ya gano cewa kaurin katangar bai kai ko kusa da abin da tsoffin zane-zanen gini suka nuna ba, kuma ruwan da ke yoyo daga bututan ƙarƙashin ƙasa ya jiƙa ƙasar da ke bayanta.

Rami da haƙa

Hanya mafi sauƙi ta ganin ƙasa ita ce ramin gwaji, mai zurfin mita biyu zuwa huɗu.

Amfaninsa shi ne injiniya na ganin ƙasar da idonsa yadda take kwance, ya auna karkatar tsagogi, ya kuma yanko dunƙulen ƙasa ba tare da ya dagula ta ba, ya lulluɓe shi da kakin zuma ko leda don kada ya bushe. Wajibi ne a tokare bangon ramin kafin mutum ya shiga.

Idan ana son zurfi fiye da haka, sai a koma ga injin haƙa. A nan matsalar ita ce ruwan da ake turawa don sanyaya bakin injin yana wanke ƙasa mai laushi, sai a fito da ɓangarori masu tauri kawai, sakamakon ya nuna wurin ya fi ƙarfin da yake da shi.

Saboda haka a Hong Kong aka rungumi wani bututun ɗaukar samfuri mai riɓi uku da ake kira Mazier, wanda ke kare ƙasar daga ruwan haƙa, a wasu lokutan kuma akan yi amfani da kumfa a maimakon ruwa.

Idan aka tarar da dutse, ƙa'ida ita ce a ci gaba da haƙa shi na wasu mitoci, domin a tabbatar ba curarren dutse ba ne.

Daga ƙarshe akan bar siririn bututu a cikin ramin don auna matsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ma'aunin da aka ɗauka da rani kaɗai ba ya wadatarwa, domin da damina ne ruwan ke kaiwa ƙololuwa.

Gwaji da guduma

Gwajin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda injiniyoyi ke kira SPT.

Akan zura bututun ƙarfe zuwa gindin ramin da aka haƙa, sannan a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76. Ana nutsar da bututun santimita 45, amma ana ƙirga bugun da ya ɗauka a santimita 30 na ƙarshe ne kawai.

Ƙarancin bugu na nuna ƙasa mai laushi, yawansa kuma na nuna mai tauri.

A ruɓaɓɓen dutse adadin yakan ƙaru yayin da ake nutsawa, kuma da shi ake yanke shawarar inda turakun gini za su tsaya. Amma ƙaramin dutse ɗaya a bakin bututun na iya ninka adadin, shi ya sa ba a dogara da sakamako guda.

Akwai kuma gwajin faranti, inda ake ɗora nauyi a kan farantin ƙarfe a gindin rami a auna yadda ƙasa ke lotsawa.

Darasin madatsar Sasumua

Hatta a ɗakin gwaji, zaunanniyar ƙasa na iya yaudarar masana.

A shekarun 1950, lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Sasumua a tsaunukan Aberdare na Kenya don samar wa birnin Nairobi ruwan sha, gwaje-gwajen da aka saba yi sun nuna cewa jan yumɓun wurin bai dace da ginin madatsa ba. An samu taƙaddama a kan batun, har aka nemi ra'ayin Terzaghi.

Binciken da aka yi ya nuna cewa yumɓun, wanda ya samu daga dutsen aman wuta, yana ƙunshe da wani ma'adini mai suna haloisait, kuma ƙwayoyinsa a dunƙule suke. A inda yake kwance yana da ƙarfi, amma idan aka murje shi a ɗakin gwaji sai dunƙulen su warware ya nuna wani hali dabam.

Terzaghi ya wallafa bayanin aikin a 1958, kuma madatsar ta ci gaba da ba Nairobi ruwa.

Tun daga nan ake gargaɗin cewa busar da irin wannan ƙasa a tanda mai zafin digiri 105, kamar yadda aka saba, na iya sauya halinta. Don haka akan gwada ta da damshinta na asali, ko a shanya ta a iska, a kuma rubuta hanyar da aka bi a cikin rahoto.

Leƙen ƙasa da wutar lantarki

Ramin haƙa na ba da tabbataccen bayani, amma a kan wuri ɗan ƙarami wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Abin da ke tsakanin rami da rami kuwa sai dai hasashe.

Wannan giɓi ne ake cikewa da hanyoyin auna ƙasa daga sama ba tare da haƙa ba.

Wadda ta fi shahara a Afirka ita ce ta wutar lantarki, wadda Bafaranshe Conrad Schlumberger ya fara gwadawa a 1912, sannan Ba'amurke Frank Wenner ya bayyana nasa tsarin a 1915.

Akan kafa sandunan ƙarfe huɗu a jere. Biyu na waje su tura wuta cikin ƙasa, biyu na ciki su auna yadda ƙasar ke tare ta. Gwargwadon nisan da aka ba sandunan waje, gwargwadon zurfin da wutar ke kaiwa.

Jiƙaƙƙen yumɓu na barin wuta ta wuce da sauƙi. Busasshiyar marmara da dutse mai rai kuwa suna tare ta ƙwarai. Daga wannan bambanci ake lissafa kaurin kowace shimfiɗa.

Na'urorin zamani na amfani da gomman sanduna a lokaci guda, kwamfuta kuma ta zana hoton ƙarƙashin ƙasa kamar an yanka ta an duba ta gefe. Hoton kan nuna inda dutse ya taso, da inda ruɓewa ta yi zurfi.

Sai dai sakamako ɗaya na iya samun fassara fiye da ɗaya. Siririn yumɓu mai jiƙa sosai da kakkauran yashi mai ɗan damshi na iya ba da adadi iri guda. Bututan ƙarfe da wayoyin da aka binne a birane su ma suna dagula ma'aunin.

Sauraron girgiza

Hanya ta biyu ita ce ta girgiza.

Akan jera ƙananan na'urori masu jin motsin ƙasa, sannan a doki farantin ƙarfe da babbar guduma. Na'urorin kan rubuta lokacin da girgizar ta ɗauka kafin ta isa ga kowacce.

A sakakkiyar ƙasa girgizar na tafiyar 'yan ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa. A ƙasar da ta cika da ruwa takan kai kimanin mita 1,500, a giranit mai rai kuma kimanin mita 5,000 ko fiye. Da wannan ake gano zurfin dutse, da kuma ko injin tona ƙasa zai iya fasa shi ko sai an sa nakiya, abin da ke da babban tasiri a kan kuɗin kwangilar hanya.

Wannan hanya na aiki ne idan taurin ƙasa na ƙaruwa yayin da ake nutsawa. Inda marmara mai tauri ta rufe ƙasa mai laushi, girgizar kan bi ta saman da sauri, shimfiɗar mai rauni ta ɓuya.

Wata sabuwar hanya mai suna MASW, wadda masana a jihar Kansas ta Amurka suka bayyana a 1999, tana nazarin girgizar da ke bin fuskar ƙasa, kuma tana iya gano irin wannan ɓoyayyar shimfiɗa.

Ana kuma amfani da na'urar rada don neman bututu da ramuka a kusa da sama, amma jiƙaƙƙen yumɓu na shanye siginarta, don haka ba ta yin nisa a jar ƙasa.

Haɗa hanyoyin biyu

Tsarin da masana suka fi amincewa da shi a yau shi ne a fara da awo daga sama, don a san fasalin filin baki ɗaya cikin sauri da arha.

Daga nan sai a zaɓi wuraren haƙa bisa abin da awon ya nuna, musamman inda aka ga wani abu da ya saɓa. Abin da aka haƙo shi ne zai tabbatar da fassarar ko ya gyara ta.

Rahoton ƙarshe zai bayyana nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka, da irin harsashin da ya dace, da karkatar da za a ba gangare, da yadda za a kawar da ruwa.

Kuɗin wannan bincike ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin gini, amma yana cikin abubuwan da masu gini ke fara zaftarewa idan suna neman rage kashe kuɗi.

Abin da Hong Kong ta yi

Binciken da aka gudanar bayan haɗarin 1976 ya gano cewa an zuba cikon ruɓaɓɓen giranit ne ba tare da an daddaɓe shi yadda ya kamata ba, shi ya sa da ya jiƙe ya kwarara kamar kunu.

A 1977 gwamnati ta kafa ofishi na musamman mai kula da lafiyar gangara, wanda ke duba zanen duk wani sabon aikin yankan tudu ko ciko kafin a amince da shi.

Ofishin ya yi wa gangara da katangun da mutane suka gina rajista, kimanin 60,000, kowanne da lambarsa da wanda ke da alhakin kula da shi. An sake daddaɓe tsoffin ciko, an kuma ƙarfafa dubban gangara da dogayen sandunan ƙarfe da ake cusawa cikin ƙasa a ɗaure da siminti.

Haka kuma an kafa tsarin gargaɗin jama'a idan ruwan sama ya kai wani mizani.

Hong Kong na samun ruwan sama kimanin milimita 2,400 a shekara, kuma har yanzu ƙasa na zaftarewa a can, amma yawan masu mutuwa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1970.

Halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

A ranar 14 ga watan Agustan 2017, wani ɓangare na tsaunin Sugar Loaf da ke gefen Freetown, babban birnin Saliyo, ya zaftare bayan ruwa mai yawa, inda mutane fiye da 1,100 suka mutu ko suka ɓace. A watan Oktoban 2019 irin wannan ya kashe mutane fiye da 40 a Bafoussam ta ƙasar Kamaru.

A Najeriya, kusan rabin ƙasar na zaune ne a kan tsoffin duwatsu masu tauri, ciki har da Kano da Zariya da Kaduna da Abuja. Duwatsu irin su Zuma da Kufena ɓangarori ne da suka fito fili, yayin da a kewayensu dutsen ke lulluɓe da zaunanniyar ƙasa. Yankin Sakkwato da na Tafkin Chadi kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ruwa ya tara.

A kan waɗannan tsoffin duwatsu, ruwan ƙarƙashin ƙasa na taruwa ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Wannan ne dalilin da ya sa rijiyar burtsatse kan ba da ruwa a gida ɗaya, ta maƙwabci kuma ta fito a bushe, kuma shi ya sa ake yin awon lantarki kafin a kawo injin haƙa.

Awon neman ruwa dai ba ya maye gurbin gwajin harsashin gini, domin tambayoyin da suke amsawa sun bambanta.

Najeriya ta kafa cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa a 1978, ta kuma fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2006. Ƙungiyoyin injiniyoyi sun sha nanata cewa rashin gwada ƙasa na cikin abubuwan da ke haddasa rushewar gine-gine, tare da amfani da kayan aiki marasa inganci da ƙara hawa a kan harsashin da ba a tsara shi don haka ba.